Lalu Prasad Yadav: ɗan makiyayan Bihar da badaƙalar kuɗin harawa

A Indiya, mai riƙe da ragamar jiha shi ne babban minista. Gwamna daga Delhi ake naɗo shi, ikonsa kaɗan ne. Cikin manyan ministocin da aka yi, da wuya a samu wanda ake taƙaddama a kansa kamar Lalu Prasad Yadav na jihar Bihar, mai mutane fiye da miliyan 100, wadda take cikin jihohi mafiya talauci a ƙasar.

An haife shi a 1948 a ƙauyen Phulwaria, cikin dangin Yadav da suka gaji kiwon shanu. A tsarin ajin gado na Indiya, inda haihuwa ke yanke wa mutum matsayi, Yadav suna ƙasa da manyan dangogin da suka daɗe riƙe da gonaki da ofisoshi. Lalu ya fara da siyasar ɗalibai a Jami'ar Patna, ya shiga majalisar ƙasa a 1977 yana ɗan shekara 29, ya zama babban minista a 1990.

Abin da ya kafa sunansa ya faru a Oktoban wannan shekarar. Jagoran jam'iyyar BJP, L.K. Advani, yana ratsa ƙasar da ayari zuwa Ayodhya domin neman a gina wurin bautar Hindu a harabar masallacin Babri, ana ta samun tashin hankali. Da ya shigo Bihar, Lalu ya sa aka kama shi a Samastipur. Shekara guda kafin haka an kashe mutane kusan dubu a rikicin Bhagalpur, akasarinsu Musulmi, a ƙarƙashin gwamnatin Congress. Musulmin Bihar ba su manta da wannan bambancin ba. Ƙuri'arsu da ta Yadav ita ta zama ginshiƙin mulkinsa na shekara 15.

Ga ƙananan dangogi kuwa, abin da ya ba su mutunci ne. Yana magana da harshen ƙauye, yana barkwanci, yana tsawata wa manyan jami'ai a gaban talaka. Mutumin da a da ba ya iya zama a kan kujera gaban mai gona ya ga irinsa a kan mulki. Sai dai mutunci bai gyara hanya ba, bai kawo lantarki ba. Garkuwa da mutane ta yawaita, matasa suka riƙa tafiya cirani Punjab da Delhi, 'yan adawa suka laƙaba wa zamanin suna mulkin daji.

A 1996 asiri ya tonu. Wani samame a ofishin kula da dabbobi na Chaibasa ya gano cewa shekara da shekaru ana cire kuɗi daga baitulmali da takardun bogi, da sunan sayen harawa da magungunan dabbobi. A wasu takardun, lambar motar da aka ce ta yi jigilar shanu ta babur ce. An ƙiyasta kuɗin da kusan rupi biliyan 9.5. Satar ta girme wa mulkinsa, amma a ƙarƙashinsa ta bunƙasa, kuma abin ya fi ciwo da yake ɗan makiyaya ne.

Da ya ga kamu ya matso a Yulin 1997, sai ya kafa jam'iyyarsa ta RJD, ya sauka, ya ɗora matarsa Rabri Devi, uwar 'ya'ya tara da ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba. Kowa ya san wanda ke juya akalar. Haka aka tafi har 2005, lokacin da tsohon abokin tafiyarsa Nitish Kumar ya karɓe jihar. Lalu ya riƙe ma'aikatar jiragen ƙasa daga 2004 zuwa 2009, inda aka yaba masa cewa ya sa ta cin riba, ko da yake daga baya an tuhume shi da karɓar filaye a madadin ba mutane aiki, shari'ar da iyalinsa ke cewa bi-ta-da-ƙulli ce.

A 2013 kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa shekara biyar, ya rasa kujerarsa ta majalisa da damar tsayawa takara. Wasu hukunce-hukuncen sun biyo baya a 2017 da 2018 da 2022. Duk da haka, a zaɓen 2020, yana tsare, RJD ta fi kowace jam'iyya kujeru a majalisar Bihar, da 75, ƙarƙashin ɗansa Tejashwi. A Disambar 2022 aka yi masa dashen ƙoda a Singapore, 'yarsa Rohini ce ta ba shi tata.