Sarki Genserik na Vandal: Abin da ya Tabbata da Abin da aka Jingina Masa

Genserik ya mulki ƙabilar Vandal, ɗaya daga cikin ƙabilun Jamusawan da, tun daga shekarar 428 har mutuwarsa a 477 miladiyya. A 429 ya tsallako da jama'arsa daga Sifaniya zuwa Arewacin Afirka, a 439 kuma ya ƙwace birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, daga hannun Rumawa. Labarinsa ya iso ga na baya ne ta alƙalamin maƙiyansa, don haka gaskiya da ƙari suka cuɗanya a cikinsa.

Ana yawan cewa ya shigo Afirka da mayaƙa dubu tamanin. Adadin yana cikin littattafan da, amma Bikta na Bita, limamin Kirista da ya rayu a wancan ƙarni, ya bayyana cewa ƙidayar ta haɗa da tsofaffi da yara da bayi. Masu ɗaukar makami ba su kai ko kusa ba. Zancen cewa gwamnan Rumawa, Bonifas, ne ya kira shi shi ma ruwaya ce da masana da dama ke shakka a kanta.

Babban abin da aka fi jingina masa shi ne ƙona birnin Rum a 455. Wannan ba haka yake ba. Ya shiga birnin a farkon watan Yuni, bayan an kashe sarkin Rum, Balentiniyan na Uku, wanda aka yi wa 'yarsa Yudosiya baiko da Hunerik ɗan Genserik. Fafaroma Leo na Ɗaya ya tare shi, ya roƙe shi kada ya sa wuta, kada ya zubar da jini, kuma birnin bai ƙone ba. Abin da ya auku shi ne wasoso na kwana goma sha huɗu, cikin tsari: aka kwashe dukiyar fada, aka ɓamɓare rufin tagulla mai ruwan zinariya na ɗakin bautar Jufita, aka loda jiragen ruwa. Wannan ba ya wanke shi ko kaɗan. Ya tafi da matar sarki, Yudoksiya, da 'ya'yanta mata biyu, da ɗimbin mutane da aka mayar bayi. A Kartaj sai da Bishop Deogratiyas ya sayar da kayan zinariya da azurfa na coci don fansar wasunsu.

Cewa shi ba ya da addini, ita ma ƙarya ce. Kirista ne mabiyin aƙidar Ariyus, wadda ba ta daidaita Almasihu da Ubangiji a matsayi. Amma gallaza wa Katolika da aka ce ya yi gaskiya ce: ya ƙwace coci-coci da gonaki, ya kuma kori wani Bishop na Kartaj, ba Deogratiyas ba, ta teku zuwa Italiya.

Mutanensa ba su rushe rayuwar Rumawa a Afirka ba. Sun ci gaba da amfani da Latin a harkar mulki, sun riƙe gidajen wanka da ciniki. Kalmar vandalism da aka ciro daga sunan Vandal, wadda jaridun Ingilishi a Najeriya ke kiran ɓarnar masu fasa bututun mai da ita, ba a zamaninsa aka ƙirƙire ta ba. Wani limamin Faransa, Henri Grégoire, ne ya yaɗa ta a 1794, yana sukar masu lalata kayan tarihi lokacin juyin juya halin ƙasarsa.

Gwanintarsa ta yaƙi kuwa babu mai ja. A 468 Rumawan gabas da na yamma suka haɗa ƙarfi suka turo masa jiragen yaƙi masu yawan gaske. Ya nemi 'yan kwanaki na sulhu, da iska ta juya sai ya sako musu jirage masu cin wuta a gaɓar Ras Addar, ya tarwatsa su. Daular da ya kafa ta rayu har 534, lokacin da Belisariyus, kwamandan Rumawan gabas, ya ci sarkinta na ƙarshe, Gelimer.