Wayar Eriya da Yadda Siffarta Ke Tsare Sigina

Wayar nan mai kauri, fara ko baƙa, da ke saukowa daga dish a kan rufin gida zuwa bayan dikoda, ita ce injiniyoyi ke kira koaksiyal, masu sayar da kayan lantarki kuma suke ce mata wayar eriya. Idan aka fere bakinta za a tarar da hawa huɗu: silin jan ƙarfe guda ɗaya a tsakiya, sai farar roba ko kumfar roba da ta rungume shi, sai takardar alminiyam tare da saƙar ƙananan wayoyi da suka kewaye robar, sannan rigar waje da ke kare su daga rana da ruwa. Silin tsakiya da saƙar waje su ne hanyoyi biyu na lantarki, kuma duk amfanin wayar ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakaninsu, wadda dole ta zama iri ɗaya tun daga wannan baki har zuwa wancan.

Dalilin wannan tsari yana cikin halin siginar rediyo. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana juya akalarta gaba da baya sau 50 a daƙiƙa guda, amma siginar rediyo da talabijin tana yin haka sau miliyoyi, kuma kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa ita ake kira megahaz. A irin wannan sauri waya tsirara takan koma eriya da kanta, ta watsar da abin da aka ba ta ajiya a iska, ta kuma kwaso hayaniyar janareta da injuna da tashoshin da ba a nema ba. A cikin koaksiyal kuwa, ƙarfin lantarki da na maganaɗisu da ke ɗauke da sigina suna tafiya ne a cikin robar da ke tsakanin silin da saƙar, don haka na ciki ba ya fita, na waje ma da wuya ya shiga.

Masanin lissafi ɗan Ingila, Oliver Heaviside, shi ne ya yi wa wannan tsari rajista a 1880, amma sai da Lloyd Espenschied da Herman Affel na ɗakin binciken Bell a Amurka suka gabatar da nasu samfurin a 1929 kafin ya kama hanyar shiga harkar sadarwa. A 1941 aka buɗe layin kasuwanci tsakanin Minneapolis da Stevens Point wanda ke iya ɗaukar kiran tarho 480 a lokaci guda, sannan a 1956 aka fara aiki da TAT-1, wayar tarho ta farko da ta ratsa ƙarƙashin Tekun Atlantika daga Oban a Sikotilan zuwa Clarenville a Kanada, da layuka 36. Lambobin da ake gani a jikin wayar har yau, irin su RG-6 da RG-58 da RG-59, gado ne daga jerin kayan sojan Amurka na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Kowace koaksiyal tana da wani ma'auni da ake lissafawa da om, wanda ke nuna rabon da ke tsakanin ƙarfin turin lantarki da yawan gudunsa yayin da sigina ke tafiya, kuma kaurin silin da faɗin saƙar da irin robar ne ke tsayar da shi, tsawon wayar ba ya canza shi. Lissafi ya nuna cewa wayar da iska ce a tsakaninta ta fi ɗaukar wuta mai ƙarfi a wajen om 30, ta fi rage asara a wajen om 77. Daga nan aka samu gida biyu: om 50, wanda sulhu ne tsakanin buƙatun biyu, ga na'urorin watsa shirye-shirye da oba-oba da kayan gwaji, sai om 75 ga talabijin da kyamarorin tsaro, inda siginar ba ta da ƙarfi kuma tattalinta ya fi komai muhimmanci. Duk inda ma'aunin ya sauya a hanya, ko don an haɗa wayoyi mabambanta ko don an murɗe biyu an naɗe da salatif, wani kaso na siginar yakan juyo baya kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, kuma a babbar na'urar watsa shiri wannan wutar da ta dawo tana iya ƙona kayan ciki.

Aikin dish ya fi komai nuna iyakar wayar. Tauraron ɗan adam yana aiko da shirye-shirye a tsakanin megahaz 10,700 da 12,750, kaɗawar da waya irin ta gida za ta shanye cikin ƴan mitoci, domin asara tana ƙaruwa ne yayin da kaɗawa ke ƙaruwa. Saboda haka ƙaramar na'urar da ke gaban dish, wato LNB, take fara ƙarfafa siginar ta kuma sauko da ita zuwa tsakanin megahaz 950 da 2,150 kafin ta miƙa wa wayar. Ko a hakan, RG-6 tana rasa kusan rabin ƙarfin siginar a kowace mita 15, shi ya sa masu haɗa dish ke komawa ga RG-11 mai kauri idan tafiyar ta yi nisa. A cikin wannan wayar dai dikoda ke tura wutar bolt 13 ko 18 zuwa sama, wadda ke ciyar da LNB, take kuma shaida mata rukunin tashoshin da ake so.

A nan ne arha ke zama tsada. Sigina mai saurin kaɗawa tana bin fatar silin ne kawai, don haka masana'antu da yawa suke yin silin da baƙin ƙarfe su shafe shi da jan ƙarfe, kuma ana gane irinsa idan maganaɗisu ya kama shi. Ga sigina wannan ba laifi ba ne, amma wutar da ke ciyar da LNB tana bin dukkan kaurin silin, baƙin ƙarfe kuma yana tauye ta a doguwar tafiya, har a ga wasu tashoshi sun ɓace wasu suna nan. Waya mai ƙarancin saƙa, wadda ake hango robar ta tsakanin silallanta, ita ma ba ta tsare komai yadda ya kamata. Sai kuma abin da yanayi ke yi: zafin rana yana busar da rigar waje har ta tsage, ruwan damina ya bi saƙar ya sa ta tsatsa, ya kuma sauya halin kumfar. Lanƙwasa ta a kusurwar bango ko matse ta da ƙusa yana ture silin daga tsakiya, kuma sau da yawa laifin da ake ɗora wa dikoda ko hadari yana ga mahaɗin da aka bari a waje ba tare da an toshe shi ba.

Dogayen layuka sun daɗe da komawa hannun zaren gilashi mai ɗaukar haske, tun daga TAT-8 da ya ratsa Atlantika a 1988, kuma kwamfutocin ofis da a shekarun 1980 ake haɗa su da koaksiyal sun koma ga wata waya dabam. Babban abin da ya rage wa koaksiyal shi ne gajeriyar tafiya tsakanin eriya da na'ura, inda siginar rediyo take a ainihin siffarta: a hasumiyar gidajen rediyon FM, inda kaurinta kan kai na dantsen mutum, a turakun kamfanonin wayar salula da jiragen sama da na'urorin rada, har da cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, inda siririya mai kaurin kusan milimita ɗaya ke bi ta maƙalar murfi zuwa eriyar Wi-Fi da ke gefen allo.