Garin Nguru: Tarihi, Bunƙasa da Zaman Jama'a a Bakin Hamada

Gabatarwa

Garin Nguru shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Nguru, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 17 na Jihar Yobe. Yana arewa maso yammacin jihar, kusa da iyakar Jihar Jigawa, kuma yana maƙwabtaka da ƙananan hukumomin Machina da Karasuwa da Bade. Faɗin ƙasar ƙaramar hukumar ya kai murabba'in kilomita 916, kuma ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa tana da mutane 150,632. Mangawa da sauran Barebari da Badawa da Hausawa da Fulani ne mafi rinjayen mazauna yankin.

Allah Ya ajiye wannan gari tsakanin rairayin hamada daga arewa da fadamun kogin Haɗeja daga kudu. Damina a nan ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, don haka tun fil azal ruwan fadama da hanyoyin fatauci ne suka riƙe garin, kuma duk lokacin da ɗayansu ya samu tangarɗa, sai jama'a su ji a jikinsu.

Tarihin Garin

Tun a ƙarni na 16 Nguru tana ƙarƙashin Daular Borno, kuma ta zama mazaunin Galadima, wato babban hakimin da Mai na Borno ya ɗora wa alhakin tsaron yammacin daular, ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Wannan matsayi ya jawo wa garin girma, ya kuma jawo masa yaƙe-yaƙe. Rundunar Sarkin Kano Muhammadu Kisoki, wanda ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1565, ta taɓa kai wa garin farmaki. Haka kuma a nan ne mayaƙan Kabi suka yi galaba a kan rundunar Borno a wajajen shekarar 1561.

A farkon ƙarni na 19, lokacin da jihadi ya kai ƙasar Borno, hare-haren mayaƙan Fulani sun karya ƙarfin Galadima, martabar garin ta ragu ƙwarai. Bayan zuwan Turawa yankin ya kasance cikin Lardin Borno, sannan Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da Jihar Borno a 1976, har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Yobe.

Zuwan Jirgin Ƙasa

Babban abin da ya sake raya Nguru shi ne hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗo daga Kano, mai tsawon kimanin kilomita 230, wadda ta iso garin a shekarar 1930. Kasancewar nan ne ƙarshen layi, sai garin ya zama matattarar kayan da ake fitarwa daga yammacin Borno da kudancin Nijar. Ayarin raƙuma da jakuna kan shigo da gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga, da kanwa da gishirin ƙasar Manga, a loda su a jirgi zuwa Kano da Ikko. Kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa Kwarori sun buɗe kantuna, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya suka zo suka kafa unguwanni. Bugu da ƙari, garin ya shahara da cinikin shanu da busasshen nama da ake kaiwa Ibadan da Ikko, har aka gina mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi a shekarun 1960.

Sai dai wannan bunƙasa ta gamu da cikas. A 1964 wani sabon layin jirgi da ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri, don haka kayan Borno da yawa suka daina biyowa ta Nguru. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman gyaɗa, sannan fari na 1983 zuwa 1984 ya hallaka dabbobi masu ɗimbin yawa. Daga baya zirga-zirgar jirgin kanta ta yi rauni, manyan motoci suka karɓe dakon kaya.

Fadama da Sana'o'in Jama'a

Abin da ya hana garin mutuwa shi ne ruwa. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are suna malala a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, kuma wani reshe da ake kira Marma ne yake kawo ruwa tafkin Nguru. Da damina ana noma gero da dawa da wake a tudu, a noma shinkafa a fadama. Idan ruwa ya janye sai a shiga noman rani na alkama da albasa da tumatir da tattasai, masunta na kamun tarwaɗa da karfasa, makiyaya kuma su sauko da dabbobinsu daga arewa. Ta haka ƙasa ɗaya take ciyar da manomi da masunci da makiyayi a lokuta daban-daban na shekara.

Har ila yau, dubban tsuntsaye kan taso daga ƙasashen Turai su yi hunturu a wannan fadama. Saboda muhimmancinta ne aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, sannan a shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma, masu faɗin hekta 58,100, cikin jerin wuraren dausayi na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya samu wannan matsayi.

Matsalolin da Ake Fuskanta

Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano, ya sauya tafiyar kogin Haɗeja. A da kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani, amma bayan gina madatsun sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara. Wannan ya bai wa ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ta toshe magudanan ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren su. Sakamakon haka ruwa kan taru ya yi ambaliya a ƙauyukan da ke bakin Marma, alhali garuruwan da ke can ƙasa suna kukan ƙarancinsa. Kacalla kuma maɓoya ce ga tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, da sauro, da dodon koɗi mai yaɗa cutar tsargiya.

Daga arewa kuwa, sare itatuwa domin girki da gawayi yana tsiraita ƙasa, iska ta kwashe ta, rairayi ya rufe gonaki da rijiyoyi, kamar yadda ake gani a yankunan Yusufari da Machina.

Matakan da Aka Ɗauka

A shekarar 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe sun haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, mai hedikwata a Damaturu, domin yashe magudanan ruwa da daidaita rabonsa. Haka nan Jihar Yobe tana cikin jihohi 11 da shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. A ɓangaren lafiya, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru tana karɓar marasa lafiya daga Yobe da Jigawa har da Jamhuriyar Nijar.

Kira ga Jama'a da Shugabanni

Ana kira ga hakimai da lawanai da bulamai da jami'an ƙananan hukumomi da su shirya aikin gayya na sare kacalla da yashe magudanan ruwa tun kafin faɗuwar damina, su kuma tabbatar an bar burtali da mashaya a buɗe domin kauce wa rikici tsakanin manoma da makiyaya. Manoma su riƙa barin gawo da dakwara da goriba da suka tsiro a gonakinsu, su dasa darbejiya a iyakoki, domin itace shi ne garkuwar gona daga iska da rairayi. Masunta su guji amfani da taru mai ƙananan ido da zuba guba a ruwa. Mazauna bakin fadama kuma su saurari sanarwar hukuma game da ambaliya, su sanar da mai unguwa ko ofishin ƙaramar hukuma da zarar sun ga ruwa ya fara ƙetare madatsa.