Me Ya Sa Kifin Roba Ke Narkewa A Akwati? Yadda Ake Ajiye Roba Mai Laushi, Daga Kayan Fatsa Zuwa Wayar Caja

Duk wanda ya saba kallon bidiyon kamun kifi a TikTok ko YouTube ya san kifin roba. Ɗan kifi ne, ko tana, ko kwaɗo, da aka ƙera da roba mai laushi. A soka masa ƙugiya, a jefa shi ruwa, a riƙa jan zare a hankali, jelarsa na kaɗawa kamar mai rai, har giwan ruwa ko tsage ya kawo masa cafka. Jihar Kebbi gidan su ce tun kaka da kakanni, daga Argungu har Yawuri, sai dai masuntanmu sun fi sabawa da homa da birgi da mamari, mai fatsa kuma tana ko gara yake sa wa ƙugiyarsa. Kifin roba sabon shiga ne.

A ce kana zaune a Bena, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, ka yi odarsa a AliExpress ko Jumia. Ka jira makonni, kaya suka sauka a Zuru, ka biya direba ya ƙaraso maka da su. Don murna ka farke ledojin duka, ka juye su cikin akwatin roba guda, ka ɗora a kan taga. Bayan sati biyu ka buɗe ka tarar da curi ɗaya mai danƙo, ja ya shiga fari, kore ya shiga ruwan ɗorawa, ƙasan akwatin ma ya yi rami kamar an ɗiga masa wuta. Abin da zai fara zuwa maka shi ne an sayar maka da jabu. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, ajiyar ce ta kashe su. Kuma abin da ya narkar da su shi ne dai yake sa wayar caja ta manne wa rimot a cikin durowa.

Sirrin laushin roba

Yawancin kifin roba da PVC ake yin sa, robar nan da ake yin bututun ruwa da ita. To, ta yaya abu mai taurin bututu ya koma kamar tana? A 1926 wani masanin sinadarai na kamfanin B.F. Goodrich a garin Akron na Amurka, mai suna Waldo Semon, ya gano cewa idan aka dafa PVC da wani ruwa mai kama da mai, sai ta yi laushi ta riƙa lanƙwasuwa. Masana na kiran wannan ruwa filastisaiza, mu kuma bari mu kira shi man laushi. A garin na Akron ne kuma, a 1949, Nick Creme ya fara zuba tanar roba a ɗakin girkin gidansa, daga nan sana'ar ta bazu a duniya.

Abin lura shi ne man laushi bai zama jiki ɗaya da robar ba. Zama kawai yake yi a tsakanin zarurrukanta yana hana su ƙanƙamewa. Ka ɗauke shi kamar ƙosai a takarda: man na cikin ƙosai, amma da ka naɗe shi sai takarda ta jiƙe. Haka man laushi ke tsattsafowa ya shiga duk abin da robar ta jingina da shi, kuma zafi na ƙara masa sauri. Idan abin da ya shiga roba ce da ba ta jure shi, sai ita ma ta yi laushi ta narke. Kusan kowa ya ga haka a makaranta, ranar da kilina ta manne wa rula a cikin gwangwanin lissafi ta bar mata tabo. Kifin roba ya fi kilina yawan wannan mai nesa ba kusa ba, don haka ɓarnarsa ta fi sauri.

Iri uku da ba sa kwana ɗaki ɗaya

Na farko shi ne na PVC, wanda ya fi yawa kuma ya fi araha. Yana da maiƙo a hannu, wasu ana cusa musu gishiri da ƙamshi, idan ka ja shi da ƙarfi sai ya tsinke.

Na biyu ana yin sa da robar TPE. Kamfanin Z-Man na Amurka ya yi suna da irinsa mai suna ElaZtech, yanzu kuma kamfanonin Sin da yawa na yin makamancinsa. Yana miƙewa kamar cingam ba ya tsinkewa, yana kuma yawo a saman ruwa. Shi ne mai faɗa da kowa: da ya haɗu da na PVC sai su narka juna.

Na uku da ruwa ake haɗa shi, kamar Gulp! na kamfanin Berkley. Yana zuwa a jiƙe cikin ruwan ƙamshinsa. Matsalarsa bushewa ce. Ka bar shi a sarari cikin hunturu, zai ƙanƙance ya yi tauri a jikin ƙugiya, sai da wuƙa.

Idan ledar ba ta faɗi irinsa ba, kamar yadda ake yawan gani a kayan oda masu araha, gwaji biyu sun wadatar. Ja jelarsa: idan ya ninka tsawonsa sau da yawa ya koma yadda yake, TPE ne. Sannan jefa shi a kofin ruwa: TPE yakan taso, na PVC, musamman mai gishiri, yakan nutse.

Juya akwatin ka duba lamba

A ƙasan yawancin kayan roba akwai ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. An fito da wannan tsari a 1988, kuma shi zai gaya maka ko akwatinka zai jure.

Lamba 5, ko haruffan PP, ita ake nema. Tana da ɗan duhu-duhu kamar hazo, tana lanƙwasuwa ba ta fashewa, kuma man laushi ba ya cin ta. Akwatunan da aka yi musamman don kayan fatsa da ita ake yin su, haka ma yawancin robobin saka abinci masu murfi. Lamba 2 da lamba 4 ma ba su da matsala, ledar zif ta ajiyar abinci daga danginsu take.

Lamba 6, ko PS, ita ce abar gudu. Garau take kamar gilashi, tana ƙara idan ka ƙwanƙwasa, tana tsagewa idan ta faɗi. Da ita ake yin gidan faifan CD da farin soson da ake kare talabijin da shi a kwali. Kifin roba yakan cinye ta cikin 'yan kwanaki. Lamba 3 kuwa PVC ce ita kanta, za ta sha man ta yi danƙo.

Matakan ajiya

1. Kada ka yar da ledar da suka zo a ciki. An zaɓe ta ne don ta jure abin da ke cikinta. Ciro wanda za ka yi aiki da shi, ka matse iska, ka rufe. Na TPE kam ledarsa ce gidansa, ko a akwatin PP bai kamata ka zube shi tsirara ba.

2. Raba su iri-iri, sannan launi-launi. Rini na bin man laushi ya yi ƙaura, mai duhu kuma shi ke ɓata mai haske. Fari da ja suka kwana tare, ka samu ruwan hoda.

3. Kwantar da su a miƙe. Jela ce ke ruɗar kifi. Idan ta daɗe a lanƙwashe a haka za ta zauna, a ruwa sai ya riƙa juyawa kamar farfela.

4. Zare ƙugiya bayan ka dawo. Gishirin da ke cikin robar na jawo laima, ƙugiya ta yi tsatsa, tsatsar ta rina robar. Ka ɗauraye wanda ya shiga ruwa, ka shanya shi a inuwa, sannan ka mayar.

5. Nema musu wuri mai sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankinmu yakan kai digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan wuce 60. Gaban mota, jakar da aka rataya a babur, saman durowa kusa da rufin kwano da bakin taga duk wuraren kisa ne. Ƙasan gado, ko gefen randa inda ruwa ba ya taɓawa, ya fi.

6. Fita da kaɗan. Babban akwati ya zauna a gida, ka ɗebi biyar ko shida a ƙaramar leda. Idan rana ta ɓata su, asarar ba ta da yawa.

Sa wayarka ta riƙe maka lissafi

Kafin ka buɗe kowace leda, ɗauki hotonta gaba da baya, ka tara su a kundi guda a ma'ajiyar hotuna. Rubuta lamba a jikin ledar da maka, ka buɗe shafi a Google Keep ko manhajar rubutu ta wayarka, ka sa lambar, irin robar, tsawo, launi da adadin da ya rage. Manhajar na aiki ko babu sabis, abin da ke da amfani a bakin gulbi.

Duk fitar da ka yi ka ƙara layi ɗaya: rana, wuri, yanayin ruwa, lambar da ta kama. Masu fatsa sun daɗe da lura cewa a ruwan damina da ya yi jawur, launi mai duhu ko mai ƙyalli ya fi ganuwa, a ruwan rani mai garau kuma mai kama da kifin gaske ya fi ci. Bayan shekara guda rubutunka zai nuna maka abin da ke aiki a ruwan da kake zuwa, ka daina kashe kuɗi a kan launin da ya yi kyau a hoto kawai.

Darasin ya shafi na'urorinka

Ko ba ka taɓa riƙe fatsa ba, kana da PVC mai laushi a ɗaki. Yawancin wayoyin caja da na iyafis masu araha da ita ake lulluɓe su. Shi ya sa idan ka naɗe waya a jikin rimot, hannun gem ko fawa banki ka ajiye watanni, za ka tarar ta zana masa layi. Jikin na'urar ne ya sha man ya yi laushi, kuma wannan tabon ba ya goguwa. Ita ma wayar da ta rasa manta sai ta yi tauri ta fara tsagewa daga wuya.

Maganin ɗaya ne da na kifin roba. Naɗe kowace waya ita kaɗai, sako-sako, ka sa ta a ledar zif ko jakar yadi. Kada ka mayar da na'ura kwalinta wayarta na taɓa farin soso. Kada kuma ka jefa kifin roba a aljihun da wayarka ko tabarau suke.

Rigar waya mai garau da ke komawa ruwan ɗorawa kuwa wata matsala ce daban. Yawancinta da TPU ake yi, hasken rana ne ke sauya sinadarinta, don haka omo ko man goge baki ba sa dawo da ita.

Idan ɓarna ta riga ta faru

Kifin PVC da jelarsa ta lanƙwashe yana gyaruwa. Tsoma jelar a ruwan zafi na kamar rabin minti, ka kwantar da shi a miƙe a kan faranti har ya huce. Wanda ya yi ƙura, ruwa da ɗan sabulu sun isa. Kada ka kusanto da fetur ko kananzir. Wanda ya narke ya haɗe da wani kuwa ya tafi ke nan.

Sai ka kula da inda za ka yar da shi. Kada ka ƙona, hayaƙin PVC guba ne ga huhu. Kada ka jefa a ruwa, domin kifi na haɗiye shi ya zauna masa a ciki bai narke ba. Kada ka wurga a bola a garin da shanu da awaki ke kiwo ko'ina, mun san abin da leda ke yi wa tumbin dabba. Ƙulle shi a gwangwani mai murfi kafin ka zubar. Ka kuma nisanta shi da yara, don ya yi kama da alawa, ga wasu nau'o'in man laushi da ake zargi da cutar da lafiya, har Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da huɗu daga cikinsu a kayan lantarki tun watan Yulin 2019. Ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

A Bena, abin da ya lalace ba a fita bakin titi a sayo wani, sabon oda ne da sabon jira da kuɗin mota. Ledar zif da robar abinci mai lamba 5 ba su da tsada. Yau in ka koma gida, juya akwatinka ka duba lambar da ke ƙasa, ka kuma warware wayar da ka naɗe a jikin rimot. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.