Tukunyar Gida da Kwanon Bakin Hanya: Girki da Cin Abinci a Waje a Kudancin Kano

Yankin kudancin Kano, wanda ya haɗa da Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, yana daga cikin wuraren da suke ciyar da jihar, domin ana noma masara da dawa da shinkafa da wake da rake a cikinsa, kuma manyan hanyoyi biyu sun ratsa shi, wato wadda ta nufi Zariya da wadda ta bi ta dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos. Inda noma da tafiya suka haɗu dole a sami abinci iri biyu, wanda ake dafawa domin iyali da wanda ake dafawa domin sayarwa. Jama'a da yawa suna ɗaukar waɗannan biyu a matsayin kishiyoyi, suna ganin na gida shi ne na asali mai tsabta, na waje kuwa baƙon abu ne da zamani ya kawo. Tarihi bai goyi bayan wannan fahimta ba, domin abincin sayarwa a ƙasar Hausa daga tukunyar gida ya fito, kuma ingancinsa yana hawa ko sauka ne gwargwadon ilimin girkin da ke cikin gidaje.

Wannan ilimi ba a takarda yake ba, a hannu da ido da hanci yake, kuma yarinya tana ɗaukarsa ne ta hanyar tsayawa kusa da mahaifiyarta ko kakarta a madafa. Tuwon dawa kaɗai ya isa misali, domin kafin ya kai ga akushi sai an surfa hatsin, an wanke, an shanya, an kai niƙa, an tankaɗe garin da rariya. Idan ruwa ya tafasa sai a yi talge, wato a dama ɗan gari da ruwan sanyi a zuba a tukunya ya dahu, sannan a riƙa zuba sauran garin ana tuƙawa da muciya har ya yi kauri ba tare da gudaji ba, a rufe shi ya sulala, a kwashe da mara. Miyar kuka kuwa tana farawa ne daga turmi, inda ake daka daddawa da barkono da albasa da citta da masoro, a tafasa su da nama ko busasshen kifi, sai a riƙa barbaɗa garin kuka kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, a ƙarshe a sa man shanu. Babu wadda ke auna kukar da cokali, kaurin miyar a jikin maburgi shi ke gaya mata ta tsaya.

A wasu sassan duniya an daɗe da mayar da irin wannan sani rubutacce. A Bagadaza, tun ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraq ya tattara ɗaruruwan hanyoyin dafa abinci na fadar halifofin Abbasiyawa a littafi guda, kuma a Amurka littafin Fannie Farmer na 1896 ya yaɗa al'adar auna kowane abu da kofi da cokali daidai wa daida. Abin da ake kira tsarin girki, wato jerin kayan haɗi da adadinsu da matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya, yana da amfani biyu: yana sa wanda bai taɓa ganin an yi abincin ba ya iya yin sa, kuma yana hana abincin ɓacewa idan waɗanda suka iya shi sun ƙare. Raunin da yake da shi shi ne ba ya sanin cewa garin sabuwar masara ya fi na tsohuwa danshi, ko cewa daddawar wannan gida ta fi ta wancan ƙarfi, abin da hannun gwana yake ganewa nan take.

Ko da ba a rubuta shi ba, girkin gida bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Masara da tumatir da barkono da rogo da gyaɗa duk amfanin gonar nahiyar Amurka ne da suka iso Afirka bayan 1492, amma yau babu mai kallon tuwon masara ko ƙuli-ƙuli a matsayin baƙo. A wannan yanki sauyi mafi girma ya zo ne da madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin ruwanta ne yake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Shinkafa, wadda a gidaje da yawa abincin salla da biki ce a da, ta zama abincin rana na kullum, jar miya kuma ta shigo ta zauna kusa da kuka da kuɓewa da taushe. Sai kuma kayan kamfani, irin su dunƙulen Maggi, wanda kamfanin Julius Maggi na ƙasar Siwizalan ya fara fitarwa a 1908, da taliyar Indomie da aka fara sarrafawa a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, waɗanda suka rage wa mai girki wahala, suka kuma ture daddawa da taliyar murji gefe a tukwane da dama.

Shi ma cin abinci a waje ba jiya ya fara ba. Bebeji tsohon gari ne na fatauci a kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu safarar goro daga Gwanja. Ayarin fatake yakan ɗauki guzuri mai jure tafiya, amma idan ya sauka a zango, wato masaukin matafiya da dabbobinsu a gefen gari, matan garin ne suke aiko da tuwo da fura da ƙosai a saya. Wannan sana'a ta ci gaba a cikin gidaje har bayan da jirgin ƙasa da mota suka kawo ƙarshen ayari, kuma ita ce masaniyar nan Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a 1969, bayan binciken da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, inda ta nuna yadda matan aure da ba sa fita kasuwa suke tafiyar da kasuwanci mai yawa daga cikin gida, yara suna kai musu talla. Wainar da ake saya da safe da ɗanwaken hantsi da dambun rana duk daga irin waɗannan gidaje suke fitowa, kuma da kuɗinsu ake haɗa kayan ɗaki da biyan bukatun yara. Abin da al'ada ta ƙyamata shi ne magidanci ya zauna yana ci a bainar jama'a alhali yana da gida a garin, shi ya sa aka fi sanin ciyayya, inda maƙwabta kan fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba su ci tare.

Idan aka dubi sauran duniya za a ga cewa bukata ce ta fara haifar da abincin waje kafin nishaɗi. A garin Pompeii na Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79, an tono gomman shagunan dafaffen abinci, waɗanda talakawan da ba su da madafa a gidajensu suke dogara da su. Biranen Kaifeng da Hangzhou na ƙasar Sin suna da gidajen abinci masu ma'aikata da jerin zaɓi tun zamanin daular Song, tsakanin ƙarni na 10 da na 13. Gidan abinci irin na Turai, inda mutum yake da teburinsa shi kaɗai, ya zaɓi abin da yake so a rubutaccen jeri mai farashi, ya bunƙasa ne a Faris a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ya yaɗu bayan juyin juya halin Faransa na 1789. A 1948 'yan'uwan nan biyu masu McDonald's a Kalifoniya suka tsara girki kamar aikin masana'anta, kowane ma'aikaci da abu ɗaya da yake maimaitawa, tsarin da ya iso Najeriya ta hannun irin su Mr Bigg's a Legas a 1986 da Chicken Republic a 2004.

A kudancin Kano an ga nau'o'in biyu. Na nishaɗi ya zo ne da otal-otal ɗin da aka gina domin masu yawon buɗe ido, wato na tafkin Bagauda, wanda daga baya ya zama reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa, da kuma Rock Castle da ke Tiga. Amma wanda ya fi shafar rayuwar jama'a shi ne na bukata, wanda ake samu a mararraba irin ta Kwanar Ɗangora da tashoshin mota da kasuwannin mako, inda direba da ɗan dako da leburan gona da mai sayen hatsi suke wuni nesa da gida. Mai shayi yana buɗewa tun asuba da burodi da ƙwai, mai garau-garau tana zuba shinkafa da wake da mai da yaji da rana, mai tsire da balangu yana hura wuta da la'asar, a kusa da Tiga kuma ana samun soyayyen karfasa da tarwaɗa daga madatsar. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda ya baro Doguwa da asuba da motar masara ba zai jira tuwon dare ba. Akwai kuma lissafin makamashi, domin tukunya ɗaya da ta ciyar da mutum hamsin ba ta cin itacen tukwane hamsin, shi ya sa gwauro ko ɗalibi yakan ga saye ya fi masa sauƙi, alhali mai iyali goma girkin gida ne ya fi masa araha nesa ba kusa ba.

Tsadar rayuwa ta matsa wa ɓangarorin biyu lamba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri da na niƙa da na gas suka tashi, kuma alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Mai sayar da abinci ba ta iya ƙara kuɗi yadda kaya suka ƙaru, domin masu sayenta talakawa ne, don haka wasu sukan rage girman malmala, wasu su rage nama da daddawa su cike gurbin da gishiri da dunƙule, wasu kuma su yi ta maimaita man suya har ya yi baƙi ya yi kauri. Irin wannan dabara tana faruwa a gidaje ma, sai dai a waje mai ci ba ya ganin abin da ya shiga tukunya.

A nan ne batun lafiya ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'arta, da mutum miliyan 91 da mace-mace 137,000. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi, shi ya sa hukumar ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin sanyi ba. Wannan ƙa'ida ta shafi shinkafar da ta wuni a kula a bakin tasha, ta kuma shafi ɗumamen da ba a bari ya yi zafi har cikinsa ba a gida. Ɗanwaken da aka jefa a tafasasshen ruwa ya taso aka tsame a gaban mai saye ya fi aminci a kan kwaɗon da aka haɗa tun safe, sai dai ruwan sanyin da ake tsoma shi a ciki da ruwan wanke kwanuka su ma abin dubawa ne. Game da gishiri kuwa, abin da hukumar ta ba da shawara shi ne ƙasa da giram 5 a rana ga baligi, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali dunƙulen ɗanɗano da kansa gishiri ne mafi yawansa, kuma yawan gishiri yana daga cikin abubuwan da ke kawo hawan jini.

Gyaran wannan al'amari bai bukaci korar masu abinci daga bakin hanya ba. Ƙasar Singafo ta fuskanci irin wannan matsala, sai ta fara gina wa masu sayar da abincin titi cibiyoyi masu ruwan famfo da magudana da wurin zama tun farkon shekarun 1970, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin gadon al'adun duniya. Ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna iya ɗaukar abin da ya dace da ƙarfinsu daga wannan, wato samar da ruwa mai tsabta da rumfuna da wurin zubar da shara a tashoshi da kasuwanni, da kuma mayar da aikin duba-gari ya zama na koyarwa kafin tara. A gefen gida kuwa, makarantun 'yan mata da islamiyyu da ƙungiyoyin mata suna da damar rubutawa ko naɗar yadda tsofaffi suke haɗa daddawa da fate da burabusko da miyar taushe, tare da koya wa yara maza su ma, tunda su ne suka fi yin zaman makaranta da ci-rani nesa da gida. Matar da ta iya fitar da ɗanɗano daga daddawa da kayan ƙamshi ba ta bukatar cika gishiri, ko iyalinta take dafa wa ko matafiya, kuma mai sayen da ya san yadda ake yin abu a gida shi ne yake iya bambanta mai kyau da marar kyau idan ya zauna a bencin tasha.