Littafin Sa Hannu Ya Koma Cikin Waya

Duk wanda ya yi aikin ofis a shekarun baya ba zai manta da littafin sa hannu ba. Da ƙarfe takwas ta yi, sai babban akawu ya ɗauki jan biro ya ja layi, wanda duk sunansa ya faɗo ƙarƙashin layin nan kuwa ya san ya makara, sai ya shirya amsa tambaya. In hutun shekara ma'aikaci yake nema, sai ya cika takarda, masinja ya sa ta cikin fayil, ta riƙa bin tebur-tebur daga shugaban sashe har zuwa ofishin kula da ma'aikata. Wani lokaci takan yi sati biyu a hanya, wani lokaci kuma sai a ce fayil ya ɓata.

A manyan kamfanonin duniya yanzu kwamfuta ta karɓe wannan aiki, kuma manhaja iri biyu ce take riƙe da shi. Ta farko ita ce mai ajiye tarihin kowane ma'aikaci, watau ranar da aka ɗauke shi, da muƙaminsa, da albashinsa, da kwanakin hutun da suka rage masa, da sunan wanda yake gaba da shi. Ta biyu kuwa zauren hira ne na ofis, inda ma'aikata suke aika wa juna saƙo da takardu tun safe har tashi. Abin da ake yayi yanzu shi ne a ƙulla igiya tsakanin waɗannan biyu, domin abin da ya faru a fayil ya bayyana a zaure ba tare da wani ya ɗauka ya kai ba.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Daga cikin manhajojin kula da ma'aikata da suka yi suna akwai Workday, wadda David Duffield da Aneel Bhusri suka kafa kamfaninta a Amurka cikin 2005, bayan da kamfanin Oracle ya haɗiye tsohon kamfaninsu mai suna PeopleSoft. Akwai kuma SuccessFactors, wadda kamfanin SAP na ƙasar Jamus ya ba da sanarwar saye a ƙarshen 2011.

Ta fannin zauren hira kuwa, labarin Slack abin mamaki ne. Stewart Butterfield da abokan aikinsa wasan kwamfuta suke ƙerawa mai suna Glitch, wasan bai yi kasuwa ba, aka rufe shi a 2012. Amma ɗan zauren da suka yi wa kansu domin magana da juna, shi ne suka gyara suka buɗe wa jama'a a 2014. Cikin 2021 kamfanin Salesforce ya kammala sayensa a kan kuɗi wajen dala miliyan dubu 27 da miliyan 700. Kamfanin Microsoft kuma ya fito da nasa mai suna Teams a 2017, kuma annobar korona ta 2020, wadda ta tsare ma'aikata a gidajensu, ita ta sa waɗannan zauruka suka zama ofis na biyu.

YADDA AKE ƘULLA IGIYAR

Kowace manhaja tana da wata ƙofa da aka keɓe domin 'yar'uwarta manhaja ta shigo ta ɗauki bayani ko ta ajiye, ita ce masana suke kira API. Mai kula da kwamfutocin kamfani shi ne zai yanka mabuɗin wannan ƙofa, ya kuma ƙayyade ɗakunan da mabuɗin zai iya buɗewa. Yana iya cewa a ga suna da sashe da kwanakin hutu, amma kada a ga albashi ko takardar likita. Ga al'ada fayil ɗin ma'aikata shi ne uwa, zaure kuwa bi yake yi.

Da an ƙulla, abubuwa uku ne suke sauyawa. Na farko, ranar da aka shigar da sunan sabon ma'aikaci a fayil, sai a buɗe masa wuri a zaure, a sa shi cikin rukunin sashensa tun kafin ya iso ofis. Na biyu, mai neman hutu yakan rubuta buƙatarsa a cikin zauren, nan take saƙo ya faɗa wayar shugabansa da maɓallin amincewa da na ƙi. Da ya danna, sai a cire kwanakin daga lissafin hutun, a kuma sa alama a jikin sunan ma'aikacin domin kowa ya san ba ya nan. Kamfanin Workday ya tanadi irin wannan a cikin Slack da Teams duka. Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, ranar da mutum ya bar aiki, da an rufe fayil ɗinsa sai zaure ya rufe masa ƙofa.

DARASI DAGA CISCO

Dalilin da ya sa na ukun nan ya fi nauyi ya bayyana a kamfanin Cisco na Amurka. Wani injiniya ya ajiye aiki a watan Afrilu na 2018, amma bayan wata biyar, cikin Satumba, ya sami hanyar shiga rumbun kwamfutocin da suke ɗauke da zauren hirar kamfanin mai suna Webex Teams, ya goge na'urori 456 na cikin rumbun. Asusun masu amfani da zauren fiye da 16,000 suka tsaya, waɗansu har tsawon sati biyu. Gyaran ya ci wa kamfanin lokacin ma'aikata na kimanin dala miliyan 1.4, ban da fiye da dala miliyan 1 da ya mayar wa abokan cinikinsa. A watan Disamba na 2020 kotu ta ɗaure mutumin shekara biyu. Mutum ya tafi, amma an bar ƙofa a buɗe a bayansa.

To, amma fa igiyar da take kawo sauƙi ita ce kuma ɓarawo yake bi. A watan Satumba na 2022 wani ya kutsa cikin kwamfutocin kamfanin Uber, har ya shiga zaurensu na Slack ya yi wa ma'aikata shela da kansa. A 2024 kuma aka kwashe bayanai fiye da tarabayit 1 daga zauren Slack na kamfanin Disney, bayan da wani ma'aikaci ya sauke wata gurɓatacciyar manhaja a kwamfutarsa. Cikin watanni kaɗan kamfanin ya ba da sanarwar zai daina amfani da Slack. Idan an bai wa zaure mabuɗin ɗakin albashi da na asibiti, to, wanda ya fasa zaure ya fasa su duka. Shi ya sa ƙwararru suke cewa kada a ba mabuɗi ikon da ya wuce aikinsa.

IDON MAIGIDA

Akwai kuma batun sa ido. Tun da yake zaure yana lissafin sa'ar da mutum ya shiga, da yawan saƙon da ya aika, da zarar an haɗa shi da fayil sai ya yi sauƙi a auna ma'aikaci da yawan surutunsa, alhali kuwa mai yawan saƙo ba lalle ne shi ya fi aiki ba. A ƙarshen 2020 an yi wa Microsoft caa a kan wani ma'auni da ya fitar mai nuna wa shugabanni ƙwazon kowane ma'aikaci da sunansa, har ya zama tilas ya cire sunayen. Daɗin daɗawa, ofishin da yake cikin aljihu ba ya tashi ƙarfe huɗu. Ƙasar Faransa ta ga wannan tun da wuri, domin daga 1 ga Janairu 2017 dokarta ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki.

A NAN GIDA

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga rabin wannan aiki. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma tsarin IPPIS domin tara sunayen ma'aikata wuri guda da kawar da ma'aikatan bogi, akwai kuma kamfanoni na gida irin su SeamlessHR na Legas masu ƙera manhajar kula da ma'aikata. Sai dai zauren hirar ofisoshi da yawa rukunin WhatsApp ne, wanda ba shi da wata igiya da fayil. A nan ne ake samun wanda aka sallama tun bara yana karanta sanarwar ofis, ko a liƙa takardar albashin mutum kowa ya gani. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta ce a sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi kutse mai haɗari, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, ga manyan masu riƙe da bayanai.

Saboda haka duk ma'aikacin da aka ce masa za a haɗa fayil ɗinsa da zauren ofis, yana da haƙƙin ya tambayi abu uku: wane bayani nasa ne zai ƙetara, wa zai gan shi, kuma wa zai je wa idan kwamfuta ta yi kuskure ta cinye masa kwanakin hutu. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su nemi a rubuta amsoshin nan a takarda, a sa hannu, tun kafin a yanka mabuɗin.