Fanshon 'Yan Sanda: Wa Zai Ƙirga Shekarun da Suka Yi a Bakin Aiki?

Tun ranar Litinin 21 ga Yulin 2025 da tsofaffin 'yan sanda suka yi dafifi a ƙofar Majalisar Tarayya da hedikwatar rundunar a Abuja, magana ɗaya ake ta nanatawa a gidajen rediyo da majalisun hira: a fitar da su daga tsarin fansho na adashin gata kamar yadda aka fitar da sojoji. Duk wanda ya ga furfurar da ta tsaya a bakin titi ranar nan ba zai ce ba su da gaskiya ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar fitar tamkar da zarar shugaban ƙasa ya sa hannu, washegari kuɗi za su faɗo a asusun kowa. Akwai tambayar da ba na jin ana yi, alhali ita ce ƙashin bayan maganar. Idan aka ɗauke mutum daga wani tsari aka kai shi wani, shekarun da ya riga ya yi yana aiki wa zai ƙirga su, da wane ma'auni, kuma daga wane aljihu za a biya?

Tsarin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar da ta ce kowane ma'aikaci ya buɗe asusun ritaya da sunansa, a riƙa yankar wani kaso na albashinsa, gwamnati ta ɗora nata, wani kamfani ya juya kuɗin a ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Dokar 2014 ta mayar da kason ma'aikaci 8 cikin 100, na gwamnati 10. An cire sojoji da jami'an leƙen asiri a 2011, ma'aikatan Majalisar Tarayya su ma suka samu tasu dokar a 2023. Ɗan sanda kuwa aka bar shi a ciki. Da yake albashinsa ba wani abin kirki ba ne, abin da ya tara ma ba abin kirki ba ne, ga shi dalar da ake saya wajen naira 130 a 2004 ta kai wajen naira 1,500 bayan shekara 20.

Amma mutumin da ya shiga aiki kafin 2004 fa? Nan ne maganar take. Dokar ta ce shekarun da ya yi kafin ƙarshen Yunin 2004 ba su faɗi ba. Za a ƙiyasta su da kuɗi, gwamnati ta riƙe su a matsayin bashi a kanta, ta riƙa zuba kashi 5 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatanta a wani asusu a Babban Banki, ranar da mutum ya ajiye aiki a fanshi haƙƙinsa a zuba masa a asusunsa. A takarda abin ya tsaru. A aikace gwamnati ta yi shekaru ba ta zuba abin da ya isa, sai mutum ya yi ritaya ya zauna wata da watanni ba ya karɓar ko kwabo, domin ba a fara lissafa masa fansho sai wancan tsohon haƙƙin ya iso. A Fabrairun 2025 sai da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da takardun lamuni na naira biliyan 758 don a biya basussukan fansho da suka taru. Wannan adadi kaɗai ya isa shaida.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, da ya shiga aikin ɗan sanda a 1989, ya cika shekara 35 ya fita da muƙamin sufeto. Shekara 15 ya yi a tsohon tsari, 20 a sabo. Ranar da na je yi masa barka da sauka lafiya, sai ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin katifa ya zazzage a kan tabarma. Takardar ɗaukar aiki ce da ta koma ruwan ƙasa, an manne tsakiyarta da salatif, da takardun ƙarin girma guda uku, da na canjin wurin aiki, da takardar rantsuwar shekarun haihuwa. Ta ƙarin girma daga kofur zuwa saje babu ita, ruwa ya ci ta a wani bariki da rufinsa ke yoyo. Na ce, "Kawu, ai ofis suna da tasu." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, sau uku ina zuwa, kowane zuwa sai a ce fayil ɗin ba ya nan." Mutumin da ya kwana a bakin banki da shingen hanya shekara 35, ƙarshe shi ake cewa ya kawo shaidar cewa ya yi aikin.

Ba yau aka fara kwashe 'yan sanda daga wata inuwa zuwa wata a ƙasar nan ba, mu 'yan Arewa kuma mun fi kowa cancantar tunawa. Kafin Turawa, sarakuna na da dogarai. A shekarun 1920 aka fara tsara 'yan gadi da 'yan doka a manyan masarautu, aka ba su kaki da horo, suka zama 'yan sandan En'e. Rundunar 'yan sandan Najeriya kuwa a 1930 aka kafa ta, da aka haɗe ta Arewa da ta Kudu. Shekara kusan 40 ana tafiya da runduna iri biyu a ƙasa ɗaya. A birnin Kano ko Katsina ko Sakkwato, wanda talaka ya sani shi ne ɗan doka, kuma albashinsa daga Baitulmalin En'e yake fitowa, ba daga Legas ba. Ba na wanke 'yan doka. 'Yan NEPU da suka sha ɗauri da duka a hannunsu a Jamhuriya ta Farko ba su manta ba, kuma wannan zalunci na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta kafa kwamiti a 1966 ƙarƙashin Yusuf Gobir, wanda ya ba da shawarar a haɗe rundunonin. Daga 1968 aka fara shigar da su rundunar tarayya, cikin 'yan shekaru aka gama.

Littattafan makaranta a layi ɗaya suke wuce wannan, an haɗe, shi ke nan. To amma a tsaya a yi tunanin mutum guda: ɗan doka da ya yi shekara 18 a En'e, takardunsa suna ofishin Wakilin Doka, ma'ajin da ke biyansa na masarauta ne, rana ɗaya aka ce yanzu ubangidansa gwamnatin tarayya. An tantance su, wasu suka shiga, wasu aka ce ba su cika sharaɗi ba suka koma gida. Su kansu En'e-En'en da suka ɗauke su aiki, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe su. Idan hukumar da ta ɗauke ka aiki ta daina wanzuwa, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa? Ina roƙon malamanmu na tarihi a Bayero da Ahmadu Bello su tura ɗalibai Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna su bi sawun waɗannan mutane tun 'ya'yansu suna raye. Abin da za a tono a can zai amfani masu rubuta doka a yau fiye da tafiyar koyo zuwa ƙasashen waje.

Misali na biyu ya fi fitowa fili. 'Yan sandan da yaƙin basasa ya rutsa da su a ɓangaren Biyafara, bayan an gama yaƙi a 1970 korarsu aka yi, shekarunsu na aiki suka bi ruwa. Sai a 2000 Obasanjo ya yi musu afuwa ya mayar da korar ritaya. Duk da haka wasunsu ba su ga kuɗin ba sai a 2017, zamanin Buhari, ta hannun hukumar fansho ta PTAD, wasu ma magada ne suka karɓa. Shekara 17 ke nan tsakanin sanarwa da biya. Wannan ne nake so mai murnar jin an zartar da ƙudiri ya riƙe a ransa.

Tsohon tsarin da ake kewa, gaskiya ne alkawarinsa ya fi daɗi: wanda ya cika shekara 35 zai samu kashi 80 cikin 100 na albashinsa duk wata, da garatuti ninki uku na albashin shekara. Sai dai kuɗin a hannun ofis suke, ba a asusun mai su ba. A 2013 John Yakubu Yusuf, jami'i a Ofishin Fanshon 'Yan Sanda, ya amsa laifin cin dukiyar 'yan fansho, kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6 da biyan naira biliyan 22.9. Abdulrasheed Maina, da aka ɗora ya gyara harkar, shi ma a 2021 aka yanke masa shekara 8. Duk dokar da za ta kafa sabuwar hukumar fanshon 'yan sanda ba tare da ta toshe wannan rami ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ni ina goyon bayan a kyautata wa ɗan sanda, ko a cikin adashin gata ko a wajensa. Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya riga ya ce a riƙa duba fansho duk shekara 5 ko duk lokacin da aka ƙara albashi, gwamnatoci ne ba sa cikawa. Amma taken ƙudiri ba ya biyan kowa, sassan cikinsa ne ke biya. Dole doka ta faɗi a fili cewa ana ƙirga aikin mutum daga ranar da aka ɗauke shi kurtu, ba daga ranar da sabuwar hukuma ta buɗe ofis ba. Ta faɗi makomar kuɗin da ke cikin asusun kowa yanzu, da matsayin wanda ya riga ya karɓi wani dunƙule ya kashe, da na matar wanda ya rasu. Ta ɗora nauyin kawo fayil a kan rundunar, ba a kan tsoho da ledarsa ba. Sannan ta sa wa'adin biya da hukuncin jami'in da ya saɓa. A 2023 Majalisar Dattawa ta amince da irin wannan ƙudiri, wa'adinta ya ƙare bai zama doka ba, tsofaffi suka koma titi.

Ga kuma maganar 'yan sandan jihohi tana ta ƙara ƙarfi tun da shugaban ƙasa da gwamnoni suka tattauna ta a Fabrairun 2024. In ta tabbata, akwai jami'an da za su bar tarayya su koma jihohinsu, akasin tafiyar da 'yan doka suka yi. Sajan da ya yi shekara 12 a tarayya ya koma ƙarƙashin gwamnan da bai biya garatutin malaman firamare ba, wa zai riƙe masa waɗannan 12 ɗin?

Ya ku 'yan majalisarmu na Arewa, da yawanku kun sha tafiya da ɗan sanda a bayanku. Ku zauna ku karanta duk ƙudirin da ya shafi fanshon 'yan sanda sashe-sashe kafin ku ɗaga hannu. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin tsofaffin 'yan sanda, ku nemi lauyoyi da masu lissafi su duba muku rubutun, kada ku bar ƙofar majalisa sai kun ga sashen da ya ce shekarunku duka za a ƙirga, da ranar da za a fara biya.